Na Kai Gafakar Mahaifina Sakkwato

Tun rasuwar mahaifinmu gafakarsa take cikin akwatina. Jar fata ce da ta tsufa har wajen riƙo ya koma baƙi, a cikinta akwai warƙa 74 na rubutun hannu, ba ɗinki, ba lamba. Gara ta cinye ta farko, saboda haka ba sunan littafi, ba sunan mai shi. Iyakar abin da muka sani shi ne kakanmu ne ya taho da ita daga Sakkwato, inda ya yi shekaru yana neman ilimi. Ni kuwa ina da digiri a fannin addinin Musulunci, shekarata 11 ina koyarwa a wata Islamiyya a Kano, amma duk ranar da na buɗe ta, in na karanta shafi biyu sai magana ta tsinke, in mayar in rufe. Malaman da zan kai wa a Kano ba su ƙare ba. Kunya ce ta hana ni, don duk sun san ni da sunan malam. Da wani abokina da ke karatun digiri na uku a Sakkwato ya ce in zo da ita, sai na ga ai gara a je a yi jahilci inda ba a san mutum ba.

Mako biyu bayan ƙaramar Sallah na tashi. Daga masallacin asuba na wuce tasha, na biya naira 16,000 a wata Sharon. Direban bai yarda a jira fasinja na ƙarshe ba, ya ce gara ya yi asarar kujera ɗaya da rana ta juya masa tsakanin Funtuwa da Gusau. Babu wanda ya yi masa gardama.

Gwarzo da Dayi da Malumfashi duk a cikin gyangyaɗi na wuce su. A Funtuwa muka sha shayi a tsaye.

Daga 'Yankara hira ta mutu. Wanda bai bi hanyar nan ba a 'yan shekarun nan ba zai gane irin shirun da nake nufi ba. Direba ya kashe rediyo, wata hajiya a bayana ta kama carbi, kowa ido a kan daji. Duk mashin ɗin da ya ɓullo daga wata 'yar hanya sai ka ji gabanka ya faɗi, sai ya matso ka ga ashe manomi ne da buhun taki. In muka jima ba mu ga mota ta taho daga gaba ba, sai direba ya rage gudu, don rashin mota alama ce. Lokacin ƙuruciyata da dare ake bin hanyar nan, ana barci.

A wani shinge kafin Tsafe aka ce kowa ya sauko da jakarsa. Jami'in da ya buɗe tawa ba Bahaushe ba ne. Ya ɗaga gafakar yana juya ta, ya tambaye ni da Turanci ko laya ce. Kafin in haɗa amsa wani abokin aikinsa ya karɓa, ya zaro warƙa ɗaya, ya yi bisimilla, ya karanta layi biyu tiryan-tiryan. Ya ce shi ma ɗan makarantar allo ne, a gabas ya yi. Ya mayar mini da hannu biyu ya ce, "Malam, a sa mu a addu'a." Na amsa da amin, ina jin nauyi, don ya fi ni saurin karanta rubutun.

Sai da muka bar Gusau bakin mutane ya buɗe. Wani saurayi kusa da ni ya cire abin kunne ya sakar mana bidiyon wani malami yana yi wa wani raddi. Ya ce yanzu malamai a aljihu suke, wanda kake so shi za ka taɓa. Wani dattijo mai fataucin albasa da ke gidan gaba ya waiwayo ya ce, "Yaro, tunda malamai na aljihunka, wanda yay yi ƙari da ragi cikin salla guda, ƙabli zai yi ko ba'adi?" Saurayin ya yi ta kame-kame. Ya san wane ya karya wane a muƙabala, ya san malamin da aka ce ya yi kuskure a tafsirin bana, amma wannan ta gagare shi. Dattijo ya ce ƙabli ne, kuma a Ahalari take, littafin da ake fara wa yara. Aka yi dariya. Ban gama jin daɗin nasarar tsoho ba sai ga shi a Talatar Mafara, inda muka tsaya azahar, ya ja yaron gefe yana roƙon ya tura masa tafsirin nan a waya, wai uwargidansa ba ta iya fita masallaci saboda ciwon ƙafa.

Tureta, Dange, Shuni, sai ga Sakkwato wajen ƙarfe huɗu. Tafiyar ta haura kilomita 500.

Mu Kanawa muna cika bakin mun san zafi. Ƙarya muke. Da na sauko daga mota sai na ji kamar an buɗe mini murfin tanderu, wayata ta nuna 43, iskar ma da ke kaɗawa ƙuna take. Na tsaya neman adaidaita sahu, sai ga masu mashin sun yanyame ni. Tun 2013 aka hana acaɓa a Kano har na manta yadda ake hawa, a nan kuwa kabu-kabu suke ce masa, kuma shi ne ƙafar gari. Wanda ya ɗauke ni ya ce, "Ina kaka zuwa, Malam?" Na ce Mabera. Naira 500. Da na tambaya ko ya san wajen, ya ce "Awo," na ɗauka wani abu zai auna, ashe "e" yake nufi.

Ban kama masauki ba, abokina ya ce abin kunya ne. Ɗakin baƙi aka ba ni, amma ba wuta, bango kuma ya sha rana ya ƙoshi, don haka a tsakar gida muka shimfiɗa tabarmi bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa. An kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, da hoce, wanda na garin dawa ne ake gasawa, ban taɓa cinsa a Kano ba. Furar kuwa, gaskiya ɗaya ce, tasu ta fi tamu, nonon bai sha ruwa ba.

Da safe muka nufi Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake. Ka tuɓe takalmi tun daga waje, mabarata a jere, mata tsofaffi suna shiga ƙungiya-ƙungiya, wasu da ganin shigarsu ka san daga Nijar suke. Na san mutanenmu ba bakinsu ɗaya ba kan ziyarar kabari irin wannan, tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala, kuma ba wannan ta kai ni ba. Na yi sallama, na yi wa mamata addu'a, na koma gefe na zauna. Abin da ya riƙa yi mini yawo a kai shi ne, mutumin da ke kwance a nan malamin zaure ne kafin ya zama komai. An haifi Shehu Usmanu a Maratta a 1754, ya yi shekaru yana karantarwa a Degel da yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi, kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Da daula ta kafu bai zauna kan mulkin yau da kullum ba, ya bar wa ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya koma ga karatu da rubutu a Sifawa, daga baya ya dawo Sakkwato inda ya rasu a 1817. Garin ma Bello ne ya kafa shi a 1809. Su ukun nan sun bar littattafai ɗaruruwa, a lokacin da takarda sai an ƙetaro da ita Sahara a bayan raƙumi. Ni da ke da firinta a ofis, takardar jarrabawar ɗalibaina ma sai an yi ta bina.

A bakin Masallacin Shehu akwai masu sayar da littattafai a kan tebura da tabarmi: Iziyya, Risala, Ishiriniya, bugun Kano da na Masar da na Bairut. Dab da su wani yaro da kwamfuta a ƙarƙashin lema yana zuba wa mutane wa'azi da karatun Alƙur'ani a memori. Na tsaya na ƙirga: kafin mai littafi ya sayar da ɗaya, yaron ya sallami mutum biyar.

Da rana muka tafi jami'a. Mazauninta na dindindin yana bayan gari, sai an ratsa fadamar Rima, kore shar a tsakiyar wannan ƙuna. An kafa ta a 1975, daga baya aka sa mata sunan Shehu, babban ɗakin karatunta kuma sunan Abdullahi yake ɗauke da shi. Cibiyar nazarin addinin Musulunci ta jami'ar ce ke shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa tun 1986. Ɗalibaina biyu sun taɓa zuwa matakin jiha, don haka na ji kamar na zo gidan da na daɗe ina jin labari.

Abokina ya kai ni ofishin wani malaminsa. Bai fara da karatu ba. Ya ɗauki warƙa ya ɗaga ta saitin taga, ya ce in duba. A cikin jikin takardar, ba a kanta ba, sai ga jinjirin wata guda uku a jere. Ya ce tambarin masu yin takarda ne na ƙasar Italiya, irinta ce aka fi rubutu a kai a ƙasar nan a wancan zamani. Shekara nawa ina juya takardun nan ban taɓa ɗaga su sama ba. Sannan ya bi 'yan shafuka da ido ya ce wannan Nurul Albabi ne na Shehu. Wani ɗalibi da ke zaune ya karɓi lambata, kafin in mayar da warƙar cikin gafaka wayata ta yi ƙara, littafin ya shigo ta WhatsApp, bugu mai kyau har da wasali.

Raina ya ɗan sosu. Kuɗin mota, fargabar Tsafe, zafin nan, ashe abin da na zo nema yana yawo a wayoyin yara. Amma da muka gwada sai muka ga warƙa kaɗan ne suka dace da bugun, sauran ba su da alaƙa da shi. Malamin ya yi murmushi ya ce wannan kuma ba aikin ofis ba ne. Ya ce in same shi gobe bayan asuba a cikin gari, zauren malaminsa. Na ce, "Malaminka?" Ya ce shekara 19 ke nan yana zuwa, kuma bai sauke Muhtasar ba tukuna.

Zauren yana cikin tsohon gari, ta wasu lunguna da mashin ma sai ya karkace. Ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, ƙasa an zuba yashi, Malam na zaune kan buzu ya jingina da bango, littattafai sun yi tsibi a gefensa. Zai haura shekara 80, idonsa ya yi rauni. Masu ɗaukar karatu sun kai 20: tela, ma'aikacin asibiti da rigar aikinsa a jaka, wani ɗan kabu-kabu da ya jingine mashin a ƙofa, da malamin jami'ar nan, wanda ya tuɓe takalmi ya rakuɓe a layi kamar kowa. Ba aji, ba allo, ba ƙararrawa. Kowa da littafinsa da inda ya tsaya jiya. In layi ya zo kanka ka matso, ka karanta gaɓa ɗaya da Larabci, Malam ya fassara da Hausa, ka ci gaba, ya tare ka in ka karya wasali. Mai Ishmawi ya tashi, mai Risala ya zauna, bayansa mai Ajrumiya. Malam bai buɗe ko ɗaya ba. Wanda ya gama nasa ba ya tafiya, sai ya zauna ya saurari na wasu, ta haka mai ƙaramin littafi yake jin babba shekaru kafin ya kai gare shi. A Islamiyyarmu minti 40 ne darasi, in an kaɗa ƙararrawa ko a tsakiyar hadisi ne sai a tashi.

Abin da ban zata ba shi ne wayar da ke kan matashi kusa da gwiwar Malam. Wani jikansa ne ke kula da ita. Duk karatun da aka yi yana ɗauka, ya tura wa wani zaure na WhatsApp, inda matan cikin gida da tsofaffin almajiran Malam da ke Ƙonni da Tawa da Legas suke bi. Wasu ma turo nasu karatun suke, a kunna wa Malam bayan la'asar ya gyara.

Da aka sallami kowa aka gabatar da ni. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam." Ya ce, "Bakano na? Mi ka kawo muna?" Na miƙa gafakar. Ya shafa fatar, ya shinshina takardar, ya mayar mini ya ce in karanta.

Nan na ji kunyar da na gudo wa a Kano. Rubutun irin na Magariba ne, wanda ake rubuta allo da shi: fa'un ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙafun ɗigo ɗaya a sama. Na san haka a ka, har na taɓa faɗa wa ɗalibai. Amma ni ɗan Islamiyya ne da boko, da Alƙur'ani bugun Hafsu na tashi, ban taɓa wanke allo ba, idona bai saba ba. Duk inda na ga ɗigo ɗaya a sama sai bakina ya ce fa. Sau uku Malam yana tare ni a layi biyu. Wasu yara a bakin ƙofa suka ƙyalƙyale, ya daka musu tsawa, sannan ya ce mini, "Ba komi, ɗiyana. Ido na, shina sabawa."

Sai ya ce in duba can ƙasan shafi, gefen hagu, akwai kalma ɗaya ita kaɗai. Na sha ganinta, na ɗauka gyara ne. Ashe ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye, da ita magabata suke jera littafi tunda ba sa sa lamba. Muka baje warƙoƙin a kan tabarma, ni ina karanta kalmar ƙasa, jikansa yana nemo mai farawa da ita. Inda muka rasa, Malam ya ce in karanta layin ƙarshe, shi kuma ya ɗora daga ka har sai mun ji abin da za mu nema. Kafin hantsi ya ɗaga, tsibi ɗaya ya zama uku: Nurul Albabi, da wani yanki na Risala, da waƙa da Fulatanci wadda ni ko kalma ban gane ba, shi kuwa ya rera baiti biyu yana kaɗa kai. Littafi uku ne wani ya zubar ya tattara yadda ya ga dama. Shi ya sa magana take tsinke mini.

Tsakanin layuka akwai ƙananan rubutu da ajami, fassarar kalmomi masu wuya. Da na fara karanta su sai na ji "shina", na ji "munka", na ji "wanga". Kakana Bakano ne gaba da baya. Yadda malaminsa ya faɗa haka ya rubuta, bai mayar da shi Kananci ba. Na daɗe ina kallon wannan, har Malam ya tambaya ko lafiya.

Na tambaye shi ko wayoyin nan ba su ɓata karatu ba. Na ɗauka zai yi dogon ƙorafi irin na tsofaffi. Ya ce shi da ƙafa ya taɓa zuwa Gwandu don ya kwafi littafi ɗaya, wata biyu ya yi, yanzu jikansa na da ɗaki guda na littattafai a aljihu, wa zai ƙi wannan? "Littahi ya yi arha. Mai gyara maka shi na ay yi wuya." Damuwarsa wata ce daban. Ya nuna mini ɗan kabu-kabun nan ya ce shekara 15 yana gabansa, a gado da hukuncin aure ba ya jin tsoron kowa, amma da ya nemi aikin koyarwa takarda aka tambaye shi. Yanzu ya yi rajistar jarrabawar NBAIS, ta kammala sakandare a fannin Larabci da addinin Musulunci, zai zauna da yaran da ya haifa. Malam ya ce shi ya tura shi, don ba ya son almajirinsa ya tsufa a kan mashin. Ni kuma ga ni da takardar, an tare ni sau uku a layi biyu.

Da yamma muka bi ta Gagi, inda Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a 2012. Daga waje na hango ta, ban shiga ba. A hanyar dawowa yara da robobi suka kewaye mu a gidan mai, kamar dai a Kano, har waƙar barar iri ɗaya ce.

Daren ƙarshe na zauna ina bin Nurul Albabi, bugu a waya, rubutun kakana a cinya. Na iso inda Shehu yake sukar malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci kamar kayan ɗaki. Na karanta wa abokina da ƙarfi. Matarsa, wadda ke zuwa Islamiyyar matan aure da dare, ta amso daga kicin cewa su a garin nan ba sabon labari ba ne, Nana Asma'u 'yar Shehu tun kafin rasuwarta a 1864 take naɗa mata masu koyarwa da ake kira jaji, ta ba su malfa, su shiga ƙauyuka suna koya wa mata addini da waƙoƙi, su ne 'Yan Taru. Sannan ta ce, "Malam, kai wane littahi kaka biya ma uwargida?" Abokina ya tuntsire da dariya. Na ce furar nan a ƙaro.

Kafin in tafi na koma na yi wa Malam sallama. Na ajiye naira 5,000 a gefen buzu, ya tura wa jikansa ya ce a sayi kati a zuba wa wayar. Ya ce a sa ni a zauren WhatsApp ɗin, in riƙa turo shafi ɗaya duk Asabar, daga rubutun hannun, ba daga bugu ba. A kasuwa na sayi kilishi na 6,000, da albasa rabin buhu da direba ya caje ni kuɗin kujera a kanta, da gafaka biyu sababbi wajen dukawa, don kowane littafi ya samu gidansa. Dawowa lafiya lau, sai tayar da ta fashe mana kusa da Bunguɗu, wadda aka canza cikin minti goma ba wanda ya ce uffan.

Asabar ɗin farko na rufe ɗaki na karanta shafin sau huɗu kafin in tura. Amsa ta zo bayan la'asar, daƙiƙa 40, ana jin zakara da kukan akuya a bayansa. Ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce layi na shida in sake dubawa, ƙafun ce. Maiɗakina tana bakin ƙofa tana ji. Ta ce in ba ta warƙar ta gani, ita ta yi allo.